Abin da Aka Yanke wa Tungar Maje

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan la'asar

An sa ni a kwamiti. Ni Sadiƙu, da na yi shekaru a bakin taga a ofishin kasafi ba wanda ya taɓa tambayar ra'ayina. Abin da gwamnati ke kashewa ya zarce abin da take samu, masu ba da bashi kuma sun ce ba ƙari sai an rage. Aikinmu mu nemo inda za a yanke a cike giɓin.

Alhaji Lukuman ne shugaba. Mutum ne mai sanyin murya, ba ya gaggawa. Muna zama Madam Lami ta sashen albashi ta ɗaga hannu. Haifaffiyar Sabon Garin Gusau ce, ba ta ɓoye abin da ke bakinta.

"Ranka ya daɗe, daga sama za mu fara ko daga ƙasa?"

Aka yi dariya. Ya ce, "Daga inda wuƙa za ta shiga, Madam."

Ni ban yi dariya ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, da azahar

Madam Lami ta zo da nata. A fasa sayo wa manya sababbin motoci. A sallami mataimaka na musamman da ko tebur ba su da shi. A dakatar da tafiye-tafiyen ƙasar waje da liyafar otal, a tsayar da ginin ƙofar ado da ake yi a bakin gari. Ta ce idan aka yi haka an ci fiye da rabin giɓin ba a taɓa talaka ba.

Alhaji ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Motoci an riga an sa hannu a kwangila, idan aka fasa sai an biya tara. Mataimaka ba huruminmu ba ne. Tafiye-tafiye da su ake nemo masu zuba jari. Ƙofa ta kusa ƙarewa.

Da ya gama, abin da ya rage a kan tebur: masu sharar titi, ma'aikatan wucin gadi na asibitocin ƙauye, sai alawus da man fetur na 'yan sintiri.

A nan na yi magana. Na ce yayana Arzika ne shugaban 'yan sintirin garinmu, Tungar Maje, a ƙasar Bungudu. Kullum da sassafe su ke zagaya bakin daji a kan babura kafin manoma su fita. Na ce idan ba mai, ba zagaye.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Malam Sadiƙ, sunayen da ake biya da yawa na bogi ne, kai ma ka sani. Waɗanda suke akwai kuma, wa ke iya tsawata musu? Gwamnati ta ba mutum mai, ya je ya yanke hukunci a daji, wa ya ɗauki alhakin?"

Na ce to a tantance su, a cire na bogin.

Ya ce, "Tantancewar ma kuɗi ce."

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba ƙarya ya yi ba.

Ban kira gida ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba, bayan magariba

An kai mu Tsafe mu ga ɗaya daga cikin asibitocin da ido. Mota biyu, da sojoji a gaba.

Kafin mu isa muka tarar da bas a gefen titi tana hayaƙi. Da hantsi 'yan bindiga suka tare ta. An jera mutane a ƙarƙashin bishiya an rufe su da ganye, ganyen bai isa ba. Na ga ƙafar mace da lalle sabo. Direban yana nan a kujerarsa, bai samu fita ba. Warin ya shigo motarmu duk da gilashi a rufe yake.

A asibitin kuma, ɗaki biyu ne kawai, wani saurayi ma'aikaci yana ɗinke wa wani dattijo kafaɗa a kan tabarma. Sara ne na adda, har ƙashi. Ba allurar kashe zafi. Maza biyu sun danne shi, yana kiran sunan Allah da muryar da ban taɓa jin irinta ba. Da saurayin ya ji daga Gusau muke, bai ɗago kai ba, ya ce don Allah a aiko musu da safar hannu.

Alhaji Lukuman ya fita bayan ɗakin ya yi amai. Ya dawo ya zazzage aljihunsa ya miƙa wa yaron. Na ce a raina, shi ke nan, ya gani.

Litinin, 13 ga Oktoba, da hantsi

An kaɗa ƙuri'a. Ni da Madam Lami kaɗai muka ce a'a. Daga wannan watan za a tsayar da biya.

Litinin ɗin dai, da yamma

Saurayin nan na asibitin Tsafe yana cikin waɗanda aka yanke.

Ban kira gida ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan la'asar

Masu shara sun zo ƙofar ofis da tsintsiyoyinsu. Yawancinsu mata ne, tsofaffi da zawarawa. Da fari zama kawai suka yi a ƙasa. Sai matasan unguwa suka shigo ciki, sai dutse. Masu gadi suka fito da kulake. Na tsaya a taga ina kallo. Wani ƙato ya maka wa wata tsohuwa kulki a baya, ta faɗi, ya ƙara mata. Ta rarrafa tana neman ɗankwalinta, aka tattake mata hannu. Daga nan hayaƙi mai sa hawaye, kowa ya watse yana tari.

Madam Lami ta sauka da gudu don ta ɗaga tsohuwar. Dutse ya same ta a goshi. Na tarar da ita zaune a bakin kwata, jini ya rufe mata ido ɗaya har ya jiƙa rigarta. Wata daga cikin matan tana nuna ta tana ihu, "Ga ɗaya daga cikinsu nan! Su suka kore mu!"

A cikin Keke Napep, ina danne mata goshi da hulata, ta ce, "Malam Sadiƙ, ba laifinsu. Ina za su san wa ya ce me a ciki?"

Hular ba ta wankuwa. Zainabu matata ta ce in jefar.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da azahar

Yaya Arzika ya zo. Bai shiga ɗaki ba, ya tsaya a tsakar gida da ƙurar hanya a ƙafafunsa. Zainabu ta kawo ruwa, bai karɓa ba.

"An ce kana cikin waɗanda sunka yanke."

Na ce, "Yaya, ina cikin kwamitin, amma ni ban yarda ba. Na yi magana."

"Ka yi magana." Ya gyaɗa kai. "Babura na jingine ga bango, ba mai. Yaran sun koma gonakinsu, mi zan ce musu? Yazid, ma'aikacin asibitinmu, ya rufe shi ya ba maigari makulli, ya ce zai taho nan Gusau ya yi kabu-kabu. Ga gero ya nuna, dole mutane su fita yanka. Kai kuma ka yi magana."

Na fara yi masa bayanin giɓi, da bashi, da yadda ake cire kason masu bashi tun kafin kuɗi su iso. Ban kai ƙarshe ba ya mare ni. Tun ina yaro rabon da ya taɓa ni. Kunnena ya ɗauki ƙara. Yarana suna leƙe ta labule.

Ya ce, "Kwana nawa ka sani ba ka buga ka gaya muna ba?"

Ya juya. A bakin ƙofa ya ce Inna na gaishe ni.

Talata, 21 ga Oktoba

Kunnen bai daina ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da la'asar, a mota

'Yan bindiga sun shigo garinmu. Ina hanya.

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a, Tungar Maje

Da rana tsaka suka zo, mutane na gona suna yankan gero. Ba wanda ya gan su sai da suka fito daga cikin karan dawa, bibbiyu a kan babur. A da, 'yan sintiri kan ga sawun taya tun da safe a hana kowa fita. Jiya ba wanda ya je ya duba.

Na taya wanka. Ba zan rubuta sunaye duka ba. Akwai wanda muka yi makarantar allo tare, an harbe shi a baya, laujensa na hannunsa, sai da muka ɓamɓare yatsun. Akwai wanda aka yanka. Akwai uba da ɗa a kunya ɗaya.

Hafsatu, matar Yaya, abinci ta kai gona. Harsashi ya same ta a cinya. Ba ta mutu a wurin ba. Da ƙafarta ɗaya ta jawo jiki har bakin hanya. Suka kai ta asibitin gari, ƙofa a kulle, suka ɓalle kwaɗon, ciki ba wanda ya san me zai yi. Mata suka ɗaure ƙafar da zani. Baburan da ke da mai maharan sun tafi da su. A amalanke aka tura ta zuwa bakin kwalta, Yaya da kansa yake turawa yana gudu. Inna ta ce jinin ya yi layi tun daga ƙofar asibiti har bayan gari. Kafin a samu motar Bungudu ta cika.

Tana magana har kusan ƙarshe. Wai a sauke mata tukunyar da ta bari a wuta.

Yaya bai yi kuka ba. Ya karɓi gaisuwar kowa. Da na miƙa masa hannu ya karɓa kamar na baƙo.

Asabar, 25 ga Oktoba, da yamma

Inna ba ta ce mini komai a kan kwamiti ba. Ta zuba mini tuwo ta zauna tana kallo har na ci. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Matasa suna ta taruwa a bayan masallaci. Suna wasa adduna a kan dutse. Ƙarar tana shigowa har ɗaki.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan azahar

Da hannun hagu nake rubutu.

Dogo ya zo ta'aziyya. Bafillatani ne, rugarsu na gabas da gari tun zamanin kakanni. Shi ke kiwon shanun gidanmu, tare suka tashi da Yaya, Hafsatu kan aje masa fura duk ranar kasuwa. An gaya masa kada ya zo. Ya ce ba zai ji mutuwar Hafsatu ya zauna a gida ba.

Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi addu'a. Yana shafawa wani ya ce daga baya, "Ranar Laraba an gan shi yana waya a bakin daji." Wani ya ce, "Su ke nuna musu hanya." Shi ke nan. Ba wanda ya tambayi wa ya gan shi.

Suka ja shi waje ta wuyan riga. Gora ta fara sauka. Yana kare kai yana cewa, "Arzika, kai ka san ni! Arzika, gaya musu!" Liman ya fito yana roƙo, aka ture shi ya faɗi. Na shiga tsakani na kwanta a kansa, na ji gora a hannuna, na ji ƙashi ya ce ƙas. Suka ɗaga ni suka jefar kamar buhu. Haƙoran Dogo na gani a ƙasa. Ya daina kiran suna, sai numfashi.

Sai aka buɗe hanya.

Ba zan rubuta hannun da ya ɗaga addar ba. Na san hannun. Shi ya koya mini riƙon fartanya.

Lahadi ɗin dai, kafin magariba

Hayaƙi na tashi daga gabas. Matan rugar sun gudu da yara tun kafin a isa, an ce sun nufi wajen Tsafe. Allah ya sa haka ne.

Ni da liman muka rufe Dogo. Mu biyu.

Talata, 28 ga Oktoba, Gusau

Mai ɗori ya ce yatsu biyu ne. Zainabu ta tambaye ni me ya faru, na ce faɗuwa na yi.

Na roƙi Inna ta biyo ni, ta ƙi. Ta ce wa zai kula da marayu, wa zai kula da rumbu.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan la'asar

Na koma zaman kwamiti. Bai kamata in je ba.

Kowa ya yi mini gaisuwa. Madam Lami da filasta a goshi ta matso mini da kujera. Na roƙi a ba ni dama. Na ce a dawo da ko da man babura ne da ma'aikaci ɗaya a kowane asibitin ƙauye, a ɗauko daga kuɗin liyafa kaɗai, ya isa. Na ba su labarin amalanken. Na kai har ƙarshe. Wasu sun sunkuyar da kai.

Alhaji Lukuman ya ce Allah ya jiƙanta. Sannan ya ce, a hankali kamar kullum, "Amma rahoto ya zo mana a kan abin da ya faru ranar Lahadi a garin naku. Mutum ya zo ta'aziyya. Malam Sadiƙ, kana wurin. Waɗannan kake so gwamnati ta ci gaba da saya wa mai?"

Ina da amsa. Da an bar musu man, da Hafsatu na raye, da Dogo na raye. Amma amsar ba ta fito ba, don ina ganin hannun nan a sama.

Ban san lokacin da na tsallake teburin ba. Na shaƙe shi da hannun hagu, na buga kansa da kabad ɗin ƙarfe. Na sake bugawa. Gilashin idonsa ya fashe, jini ya biyo ta bayan kunnensa zuwa kan farar shaddarsa. Yana kallona, bai ko ɗaga hannu ba. Masinjoji suka danne ni a ƙasa, wani ya taka mini ɗorin.

An dakatar da ni. Alhaji ya ce kada a kira 'yan sanda.

Abin da ba zan gaya wa Zainabu ba: a bugu na biyu, daɗi na ji.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na kira Yaya. Wayar ta yi ta ƙara.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Na kira. Ya ɗauka, bai yi magana ba. Ina jin numfashinsa, yana jin nawa. Na ce, "Yaya, za su dawo. Ka kwashe su Inna." Ya ce, "Na sani." Ya kashe.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da azahar, Bungudu

Sun dawo jiya da hantsi. Wannan karon ba don shanu ba.

Mutanen garinmu suna zube a harabar wata makarantar firamare a nan, wasu ba takalmi, ƙafafu duk ƙaya. Na bi aji aji har na samu Inna a jikin allo da yaran Yaya a cinyarta. Ta ce sun cinna wa gari wuta ta kowane gefe, rumbuna suka fara bi. Wanda ya fito ta yamma an harbe shi. Tsohon da ba ya iya tafiya an bar shi a ɗaki.

Yaya da mutum kaɗan suka tsaya a bakin rafi da bindigogin toka, suka riƙe su har mata da yara suka haye. Wani da ya tsira ya ce ya gan shi harsashi ya ƙare masa, yana juya bindigar yana duka da gindinta. Ya ce bai gudu ba, kuma da alama bai yi niyyar gudu ba.

Sojoji sun raka mu da yamma muka ɗauko waɗanda za a iya ɗaukowa. Na gane shi da tabon da ke ƙafarsa. Ba zan rubuta sauran ba.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Inna da yaran suna ɗakin Zainabu. Ƙaramin yana firgita da ƙarar kowane babur, sai ya shige ƙarƙashin gado.

Inna ba ta ga garin bayan wutar ba. Na ce mata ɓarnar da sauƙi.

Talata, 11 ga Nuwamba, bayan la'asar

Madam Lami ta zo gaisuwa da mijinta Stephen. Sun kawo shinkafa da kayan yara. Shi ya zauna a mota, ita ta tsaya da ni a zaure. Ta daɗe tana juya jakarta.

Ta ce, "Jiya aka yi zaman ƙarshe. Gara ka ji daga bakina."

Bayan duk abin da aka yanke, giɓin bai cike ba, da saura. Sai wani ya kawo shawara: ƙauyukan da mutane suka watse, me za a yi da kasonsu? Makaranta ba ɗalibai, asibiti ba marasa lafiya, rijiyar burtsatse ba mai sha, hanya ba mai bi. Aka tattaro su duka, na Bungudu da na Tsafe da na wajen Mada, aka soke. Tungar Maje na ciki.

"Da aka haɗa, ya cike," in ji ta. "Har da ɗan rara. Sun tafa, Malam Sadiƙ. An raba lemo."

Na ce motocin fa? Ta ce sun iso, suna harabar ofis da ledar kujerunsu.

Na ce ke fa?

Ta kalli ƙasa. "Na sa hannu. Ina da yara a makaranta." Ta share ido da bayan hannu. Ban ga laifinta ba, na gaya mata haka.

Da suka tafi Inna ta kira ni. "Mi baƙuwar tac ce?"

Na ce gaisuwa ce kawai.

Ta ce, "To. Ni dai zaman birni ya ishe ni. Gobe ka kai ni gida in ga abin da ya rage ga rumbu, in share ɗakin Arzika. Tun da gwamnati ta san da mu, ai za a gyara."

Na ce to, Inna.

Laraba, 12 ga Nuwamba, da sassafe

Ta ɗaure kayanta tun asuba. Tana zaune a bakin ƙofa, takalmanta a ƙafa, tana jira in fito.